Tambarin Surajo

Ni matuƙin jirgin ruwa ne, sunana Audu, kuma babu wanda ya taɓa kirana masanin waƙa. Abin da na sani inji ne da iska da inda kututture yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Amma duk wanda ya shiga jirgina tsakanin Yelwa da Wara da ƙauyukan hayi sai ya ji abin da na sa, domin lasifikar a ɗaure take a jikin rumfar jirgi, kuma babu inda mutum zai gudu. A kan tudu in waƙa ba ta yi maka ba sai ka ƙara gaba. A tsakiyar tafki sai dai ka yi magana ko ka haƙura, kuma fasinjojina magana suke yi.

Mai zaɓa mini abin da nake sawa shi ne Surajo. Yana da rumfa a bakin kasuwar Yelwa, tsakanin mai cajin waya da mai gyaran fitila, da wata kwamfuta da ake tokare murfinta da rabin bulo. Sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ka miƙa, ka ce a cika, ya cika. Sauran masu sana'ar abin da kowa ke nema suke zubawa su sallame ka. Shi kuwa Surajo yana da ciwo guda, ciwon gano sababbin mawaƙa. Yaron da ya yi waƙa a ɗakin ƙanen babansa a Shanga, da mawaƙan coci na kan tudun Ngaski, da wani mai garaya da aka ɗauka da waya iska na kaɗawa, duk ya san su, kuma zai tsare ka ya ba ka tarihinsu ko da jirginka ya cika ana jiranka.

"Baba Audu, wanga yaro nan gaba kaɗan Kano za ta zo neman shi." Haka yake ce mini duk mako, kuma duk mako yaron daban ne.

Ni ne wurin gwajinsa. Yakan cusa sabon mawaƙi a tsakanin waƙoƙin da aka sani, in na dawo ya tare ni tun ban ɗaure jirgi ba, yana tambayar yadda aka yi. Amsar ba ta cika canzawa ba. Fasinjojina mutanen kirki ne, masu albasa da masu kifi da matan da ke kai kaji kasuwa, amma ba su da haƙuri da baƙon suna. Kafin yaro ya gama buɗe baki wani zai ɗaga murya daga kan buhu ya ce, "Direba, wuce wagga." Ni kuma in wuce, don ba zan yi faɗa da mutum a kan ruwa saboda ɗan wani ba.

Yadda suke sanin sunan kuwa aikin Surajo ne. Masu tura waƙa suna da al'ada, kowa yana buga tambarinsa da murya a kan waƙa, don in ta yi yawo daga waya zuwa waya a san rumfar da ta fito. Na Surajo har yara sun haddace. Kafin kiɗa ya fara sai ka ji shi da amsa-kuwwa, "Daga rumfar Surajo, Yelwa!" sannan ya faɗi sunan mawaƙin. Yana kuma maimaitawa a tsakiya, daidai inda waƙar ta fi daɗi, don kada wani mai rumfa ya yanke kan ya sa nasa. In tambari ya hau waƙa ya hau ke nan, ba ya goguwa.

Suna ɗaya ne ba a taɓa ce mini in wuce ba, wato Zaharaddeen Mai Zobe, wani mawaƙi da ke Kano. Babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu sai a hoton da ke manne a shagon aski. Akwai waƙarsa da ba ta ƙunshi komai ba sai sunayen 'yan mata da kalmar zuma, na sa ta damina guda cur ba wanda ya ce ya gaji.

Sai ga Andarawus. Ɗan kabu-kabu ne a Wara, dogo, marar yawan magana, daga gidan Gungawa Kiristoci. Yakan sa babur ɗinsa a jirgina in zai je Yelwa sayen kayan gyara. Kakanninsa na cikin waɗanda aka tasa daga gungunsu, wato tsibirinsu, lokacin da aka tare ruwa aka yi tafki. Kakarsa, wadda ta rene shi, ba ta taɓa yarda garin ya tafi ba. A wurinta yana nan inda yake, ruwa ne kawai a kansa. Ta yi ta ba shi labarin wurin har ya san shi gida-gida, ya san tsamiyar da ake ɗaure awaki, ya san mashigin da mata ke wanki, alhali an haife shi ne bayan ruwa ya daɗe da rufe komai. Da wannan ya haɗa waƙa, ya je wani ƙaramin sutudiyo a bayan tasha ya ɗauka. Sutudiyon yana da na'urar gyaran murya wadda ko akuya aka shigar mata za ta fito da muryar mawaƙin Kano.

Ya kai wa Surajo memorinsa ya koma bakin aikinsa. Surajo ya saurara, ya sake saurara, ya bar rumfa a buɗe ya biyo ni har bakin ruwa.

"Baba Audu, na same shi. Wallahi wanga karon na same shi."

"Haka kac ce wancan mako."

"Wancan mako ban san mi nike hwaɗi ba."

Na sa ta ni kaɗai ina jiran lodi, ina kwarfar ruwa daga cikin jirgi. Da aka zo amshi sai na ajiye gwangwanin. Cewa yake, "Matuƙi rage wuta, kana bisa ƙofar gidanmu." Tun ina saurayi nake ratsa inda gungun nan ya nutse da gudu, ban taɓa kawowa a raina ƙofar gidan wani ba ce. Tausayi ya kama ni, da 'yar kunya.

Da jirgi ya cika muka tashi, na danna. Muryar Surajo ta fito, "Daga rumfar Surajo, Yelwa! Sabon mawaƙi, Andarawus na Wara!"

Alhaji Auwal mai albasa, wanda kullum yake zama a gaba kamar da shi aka sayi jirgin, ya waiwayo.

"Wane Andarawus? Wanda yak kai ni asibiti bisa babur ran nan? Shi ma waƙa shikai? Direba, wuce."

Aka yi dariya, na wuce. Na sake gwadawa washegari da wasu fasinjojin, na sake gwadawa ranar kasuwar Wara. Ba a taɓa bari ta kai amshi ba.

Abin ya ci Surajo ƙwarai. Ya daina cin abincin rana, yana zaune yana kallon kwamfuta kamar ita ta yi masa laifi. Daga nan dabara ta zo masa, kuma bai yi shawara da kowa ba. Ya karɓi memorina ya ce zai ƙara mini sababbi. Ni ma a tsakiyar ruwa na ji, tare da kowa.

"Daga rumfar Surajo, Yelwa! Sabuwar Zaharaddeen Mai Zobe!"

Kiɗan Andarawus ne ya biyo baya, ba a canza ko ɗigo ba. Alhaji Auwal ya ɗaga hannu aka yi shiru, har ya harari wata mai goyo don ɗanta ya yi tari. Kafin a gama baiti na biyu Jummai mai kifi ta ja mayafi ta rufe fuska. Da amshi ya sake zagayowa Alhaji ya juyo gare ni ransa a ɓace.

"Kai ba ka jin abin da mutumen ga ka hwaɗi? Rage wuta."

Na rage wuta. Muka ratsa wurin a hankali, kaji ma sun yi shiru.

Da na dawo ban tsaya ɗaure jirgi da kyau ba na nufi rumfar Surajo, na tambaye shi wace irin ɓarna ce wannan.

"Dabara ta, Baba. Mu bari su haɗiye tukuna, sannan mu hwaɗa musu mi sunka ci. In sun so ta ai sun so ta. Suna ba komi ba na."

"Ka hwaɗa ma mai waƙa?"

"Za ni hwaɗa mishi."

Bai faɗa ba. Andarawus a kan babur ɗinsa ya ji, daga wayar wani fasinja da ya ɗauko, wanda ya dafa kafaɗarsa ya tambaye shi ko ya ji sabuwar Zaharaddeen.

Kafin nan waƙar ta riga ta gama gari. Ta je Shanga, ta haye hayi, ta shiga gidajen biki da shagunan ɗinki. Mutane ba daɗin waƙar kaɗai suke ji ba, alfahari suke yi wai babban mutum yana zaune a Kano ya tuna da ruwanmu. Aka fara samo dalili. Wasu suka ce innarsa 'yar Yauri ce. Wani mai gyaran raga ya ce shi ya nuna masa inda tsamiyar take. Alhaji Auwal ya rantse ya gan shi a kasuwar kifi ya yi shigar talakawa, sun ma gaisa. Ni kuwa na shiga uku, don kowane lodi sai an sa ni rage wuta a wurin nan, har masu jiragen da ke bayana suka fara yi mini tsiya.

Ina rumfar Surajo ranar da Andarawus ya zo. Ya kafe babur, ya cire hula, ya gaishe ni, ya gaishe da mai cajin waya. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Surajo, na zo jin laihin da sunana yay yi maka."

Surajo ya miƙe har ya ture bulon, murfin kwamfuta ya kife. Ya yi bayani, ya ba da haƙuri, ya ce ai lokacin bayyana gaskiya ya yi ma, yanzun nan za a gyara. Ranar kasuwa ce, ya hau benci ya tara mutane, ya kama hannun Andarawus ya ɗaga sama, ya ce ga mai waƙar nan da kuke so, ɗanku ne, na Wara.

Aka dube shi, aka dubi Andarawus. Wani tela ya ce, "Surajo, kai da bakinka kac ce ta Zaharaddeen ta. Muna da muryarka cikin waya. Yanzu don abokinka na za ka canza?"

Surajo ya ce ƙarya ya yi a lokacin. Telan ya ce to ta yaya za a san ba yanzu yake ƙaryar ba. Maganar ta yi ma'ana, jama'a suka watse.

Aka koma neman hujja. Mai sutudiyo ya ce kwamfutarsa ta kama ciwo an wanke ta tas. Saura memorin Andarawus, wanda ya bari a rumfa. Nan Surajo ya sunkuyar da kai ya ce ya goge ta farkon ya ɗora mai tambarin Zaharaddeen, don kada a samu iri biyu a gari. Nawa ma haka ya yi masa. Ya gwada ɗora sabon tambari a kan tsohon, sai sunayen biyu suka hau kan juna, mutane suka ce ga ta ɓarayi nan ta fito. Ya aika wa mutanen Zaharaddeen saƙo a Kano, ba su amsa ba, kuma ban ga laifinsu ba, don wataƙila ba su san an yi ba. Andarawus da kansa in yana son jin waƙarsa sai ya fara jin sunan wani.

Da lokacin kaka ya yi, Gideon mai injin niƙa ya aurar da 'yarsa Blessing a Wara. Ni na kwaso 'yan biki daga hayi, don haka na tsaya cin shinkafa. Da la'asar aka ba Andarawus makirufo, don an ji yana iya waƙar nan. Ya tsaya a tsakar fili ya yi ta da muryarsa ta Allah, ba na'ura. Ni a kunnena ta fi ta memori nesa. Ya ƙara wani baiti da Gunganci wanda bai sa a sutudiyo ba, tsofaffin da ke kan tabarma suka ɗaga kai. Kakarsa na cikinsu, ta tsufa ƙwarai, tana bin bakinsa da nata.

Da ya gama aka tafa daidai gwargwado. Wani malamin makaranta ya kira shi gefe, da kyakkyawar niyya, ya ce ya yi ƙoƙari, amma ya riƙa sauraron mai ita da kyau, akwai inda yake jan murya da shi bai kai ba. Wata mata kuma ta ce baitin da ya ƙara bai dace ba, bai kamata a ɓata wa mutum waƙa don ba ya nan ba. Daga ranar ya samu suna. In ya wuce a kan babur sai ka ji an ce ga mai kwaikwayo nan. Ba da mugunta ake faɗa ba, wasu ma yabo suke nufi.

Kakar ta rasu kafin ruwa ya ja baya. Ta daɗe tana cewa a kai ta gungunsu a binne ta kusa da innarta, kowa yana ce mata to. Aka binne ta a Wara, a bayan coci, a jar ƙasa mai tsakuwa. Andarawus ya daina zuwa Yelwa na wani lokaci. Da ya dawo ya dawo da sabuwar waƙa, a kanta ya yi, yana ba ta haƙuri a kan alkawarin da aka yi mata alhali an san ba za a cika ba.

Surajo ya saurara ya yi kuka a gaban kwastomomi, bai ɓoye ba. Ya rantse da Allah ba zai ƙara ɗora sunan wani a kan aikin wani ba. Ya buga tambari da dukan ƙarfinsa, ya faɗi sunan Andarawus da na babansa da na garinsu, ya ajiye asalin a wurare daban-daban har da wayar matarsa.

Na sa ta a tsakiyar ruwa. Ana jin sunan aka ce, "A'a, mai kwaikwayo ya yi tashi? Direba, wuce." Wannan karon na ƙi. Na ce jirgina ne, lasifikata ce, wanda bai so ya sauka. Ba wanda ya sauka, amma ba wanda ya saurara. Alhaji Auwal ya shiga ba da labarin farashin albasa a kudu, wasu mata biyu suka hau cinikin zakara, waƙar tana ta yi a sama ita kaɗai har ta ƙare. Haka aka yi ta yi duk makon. Raina ya ɓaci har na daina amsa gaisuwar wasu.

Andarawus ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa masa gaskiya, don ban iya shafa wa magana mai ba. Ya gyaɗa kai, ya ce in raka shi rumfar Surajo.

"Malam Surajo, canza tambarin."

"In sa mi?"

"Ka san abin da za ka sa."

Surajo ya ce ya yi rantsuwa, ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Ya ce a ƙara haƙuri, mutane za su gane, ai gwani ba ya ɓuya. Andarawus ya bar shi ya gama.

"Ba don ni ba na. Tsohuwar nan ba a kai ta inda tac ce ba. Ina son ko waƙarta ta bi ta wurin, mutane na saurare. Da sunana ba su bari."

Surajo ya ce shi dai bakinsa ba zai faɗa ba. Andarawus ya ce ba komai, ya miƙa hannu ya ɗauki makirufon da ke kan tebur. Karon farko bai fito da kyau ba, aka sake. Na biyu ya fito sarai, "Daga rumfar Surajo, Yelwa! Sabuwar Zaharaddeen Mai Zobe!" Surajo yana share hawaye da bayan hannu ya tambaye shi ko a sa amsa-kuwwa. Ya ce a sa, yadda aka saba.

Washegari da hantsi muka tashi zuwa Wara, jirgi cike. Andarawus yana can baya kusa da ni, yana riƙe da babur ɗinsa kada ya kwanta a kan kwandunan kifi. Da muka fita tsakiyar ruwa ya dube ni, na danna.

Waƙar da suka yi mako suna surutu a kanta ce, ba wanda ya gane ta. Alhaji Auwal ya ɗaga hannu, jirgi ya yi tsit. Masu zakara suka bar ciniki. Jummai mai kifi ta fara kuka tun baitin farko, wani dattijo da ban sani ba ya cire hula ya riƙe a hannu. Da muka iso wurin gungun ban jira an ce mini ba, na rage wuta har inji ya koma ɗan gunaguni. Aka saurare ta daga farko har ƙarshe, ba tari, ba motsi. Andarawus yana kallon ruwa.

Da ta ƙare Alhaji ya goge ido da bakin babbar riga, ya ce Allah ya yi wa mutumin nan baiwa. Sai ya hango Andarawus a baya.

"Kai, mai kwaikwayo, ashe kana ciki. To ka ji yadda a ka waƙa. Ka buɗe kunne ka koya."

"Ina ji, Alhaji," in ji Andarawus.

"Direba, maido ta daga hwarko, yaron ga shi ƙara ji."

Na dubi Andarawus. Ya gyara riƙon babur, ya ce in maido.